Zauren Masu Karatu: Yadda Bangon Littattafan Soyayya Ya Yi Ta Sauya Kama

Tambaya daga wata malamar makaranta, Unguwar Jahun, Bauchi: Assalamu alaikum. Ina da tsofaffin littattafan soyayya da yayata ta bar mini, bangonsu duk zanen hannu ne, launi ɗaya ko biyu. Waɗanda muka riƙa saye a Kasuwar Wunti muna 'yan mata kuwa hotunan mata ne raɗau. Na waya yanzu kuma wani iri ne daban. Me ya kawo wannan sauyi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bangon littafi yana bin injin da ya buga shi ne, da kuma wurin da mai saye zai fara ɗora ido a kansa. In ɗayan biyun nan ya sauya, dole bango ya sauya.

Littattafan da suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 wadda Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya, ciki har da Shaihu Umar na ɗan jiharku Abubakar Tafawa Balewa, makarantu ne babbar kasuwarsu. Littafin da malami zai raba wa ɗalibai a aji ba ya buƙatar kwalliyar jan hankali, suna da ɗan zane sun wadatar. Haka aka tafi har zuwa 1980, lokacin da kamfanin buga littattafai na NNPC ya fitar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed.

A tsakiyar shekarun 1980 tattalin arziki ya tabarbare, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja baya daga ƙagaggun labarai. Sai marubuta, musamman a Kano, suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu a ƙananan maɗaba'u. Nan ne asalin littattafan yayarki. Injin da ya fi yawa a irin waɗannan wurare, kamar Kord, launi ɗaya yake bugawa a zagaye guda. Kowane launi yana da farantinsa, kuma sai an wanke inji an sake zura takardar. Cikakken hoto yana cin faranti huɗu: shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Ga kuɗi ninki huɗu, ga haɗari, don in takarda ta goce da ko rabin milimita ne, idon budurwa sai ya fito biyu-biyu. Shi ya sa marubuci kan je wurin mai zane, ya ba shi labarin a taƙaice, a zana da baƙar tawada, a ƙara ja ko shuɗi a kai, shi ke nan. Zanen ba kullum yake kyau ba, hannu kan fi kai girma, amma yana da wata daraja: daga cikin labarin aka ciro shi.

Da kwamfuta da sikana suka wadata wajen ƙarshen shekarun 1990, sai aka koma yanko hotuna daga kalanda da fosta ana haɗawa a manhajojin zane na CorelDraw da Photoshop. 'Yan fim ɗin Indiya suka fara mamaye bango, daga baya 'yan fim ɗin Hausa suka biyo. A teburin mai littattafai, inda guda hamsin ke jere a rana, fuskar da aka sani ita ke tsayar da mai wucewa. Kasuwa ta buɗe, ba musu. Sai dai a ganinmu nan aka yi babbar asara. Fuskar bango ta daina yin alaƙa da matar da ke cikin labarin, hoto ɗaya ya kan fito a littattafan marubuta daban-daban, sannan masu sukar adabin nan suka samu makami cikin sauƙi, don da yawansu bangon kawai suka gani suka yanke hukunci. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Kano a 2001, a 2007 kuma aka ƙona littattafai a bainar jama'a a Kano zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau. Marubuta suka ƙara taka tsantsan, mayafi da hijabi da furanni da hoton gida ko mota suka ƙaru a bango.

Yau a allon waya ake fara ganin littafi, a Wattpad ko WhatsApp ko Facebook, bangon bai wuce faɗin babban yatsa ba. Abin da ke aiki a nan shi ne suna babba da hoto guda mai sauƙi, kuma sau da yawa marubuciya ce ke haɗa abinta a waya da Canva ko PixelLab.

Tambaya daga wani ɗalibin jami'a, Tudun Wada, Gombe: Na Turawa ma sun bi irin wannan hanya?

Amsa: Sun bi, ɗan'uwa, sai dai kowa da abin da al'ummarsa ke jin kunya. Kamfanonin buga littattafan soyayya, Mills & Boon da aka kafa a Landan a 1908, da Harlequin da aka kafa a Kanada a 1949, sun daɗe da zanen fenti na natsuwa, irin likita da nas. Daga shekarun 1970 a Amurka aka shiga yayin zanen namiji da mace a rungume, har wani mai tallar kaya ɗan Italiya da ake kira Fabio ya fito a bango ɗaruruwa. Da masu karatu suka nuna suna jin nauyin riƙe irinsa a mota, sai aka ƙirƙiro bango biyu: na waje fure da suna, hoton kuma yana ɓoye a na ciki. Wajen 2011 aka koma hoton abu guda a kan duhu, daga baya kuma zanen katun mai launi garau, wanda ke fitowa sarai a waya.

Tambaya daga wata marubuciya, Azare: Na buga littafina na farko, kwafi 500. A waya bangon ya yi kyau, amma da ya fito sai ya yi duhu, fuskar ta dushe, an yanke ƙarshen sunana, harafin ƙ kuma ya koma ɗan akwati. Ina zan gyara kafin bugu na biyu?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Duka huɗun suna da magani, kuma yawancinsu tun daga fayil ne.

Duhun ya zo ne daga bambancin launi. Waya da haske take haɗa launi, tsarin RGB, inji kuwa da tawada, tsarin CMYK. Shuɗi mai ƙyalli da kore shar da ruwan hoda mai haske su suka fi mutuwa a takarda. Ki sa mai tsara bangon ya mai da fayil ɗin CMYK tun farko, ya ɗan ƙara wa fuska haske, don tawada tana bazuwa kaɗan a kan kati, ta ƙara duhu. Ƙananan rubutu baƙi kuma a bar su baƙi zalla, kada a haɗa su da launi huɗu, in ba haka ba gocewar faranti za ta sa su inuwa.

Dushewar fuska ƙarancin ɗigo ne. Bugu yana son ɗigo 300 a kowane inci. Littafi mai girman A5, wato milimita 148 da 210, yana buƙatar hoto mai fiksel kusan 1750 da 2480 don fuskar gaba kaɗai. Wanda aka sauke daga Facebook da wuya ya kai haka. Kada kuma ki tura fayil ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi. Ki tura shi a matsayin takarda, PDF ya fi.

Batun yanka, injin yanka ba ya sauka daidai wuri ɗaya kowane lokaci. A bar rarar milimita 3 ta launi a kowane gefe, a kuma janye duk wani rubutu aƙalla milimita 5 daga baki. In da gam za a haɗa littafin, sai an auna ƙashin bayansa: raba adadin shafuka gida biyu, ki ninka da kaurin takarda. Shafi 200 ganye 100 ne, a takarda mai giram 80 kusan milimita 10 ke nan, mai giram 60 kuwa wajen 8. In an yi kuskure a nan, sunan da ke ƙashin baya sai ya goce zuwa gaba. Littafin da bai wuce shafi 64 ba, 'yar ƙusa biyu a tsakiya ta isa, amma adadin shafukan ya zama mai rabuwa da huɗu.

Shi kuwa ƙ da ɗ da ɓ, yawancin salon haruffa na ado ba su da su. Ki gwada sunan littafin a salon kafin ki zaɓa, sannan a mai da rubutun zane kafin a fitar da fayil. A CorelDraw Ctrl da Q ne ke yin wannan.

Kati mai giram 250 ya wadatar, a sa masa laminashin, a kuma yi masa layin naɗi kafin a lanƙwasa, don da hunturu kati kan bushe ya tsage a gaɓa. Ki sani rana tana fara cin rawaya da ja ne ta bar shuɗi, don haka ki roƙi masu sayarwa su riƙa baje kwafi ɗaya su adana sauran a inuwa. Kada ki yarda a buga 500 sai kin ga gwajin guda ɗaya a hannunki, da rana, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba.

Tambaya daga wani matashi, Bajoga: Zan iya sa hoton 'yar fim ko na wata da na gani a Instagram?

Amsa: A'a, malam. Hoto yana da mai shi a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, mai fuskar kuma tana da mutunci da dangi. Labarin kishi ko saki da fuskar 'yar mutane a kai zai iya ɓata mata aure. In mutum kake so, ka nemi izininta da na mai ɗaukar hoton a rubuce, a faɗi sunan littafin da inda za a sayar. Mafi alheri ka ba mai zane shafuka uku daga labarin, ka biya shi ya zana maka naka.