Amsa: Ƙarin albashin ma'aikatan motoci ne ya tsawwala farashi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙarin albashin da aka yi wa masu haɗa motoci a Amurka shi ya sa sabuwar mota ta gagari mutane. Ya taɓa farashin, amma ba kamar yadda ake zuzutawa ba.

A watan Satumban 2023 ƙungiyar ma'aikatan motoci ta UAW ta shiga yajin aiki a kamfanonin Ford da GM da Stellantis, kusan mako shida. Aka daidaita kan ƙarin kashi 25 cikin ɗari har zuwa 2028. Ford da kansa ya ce hakan zai ƙara masa kamar dala 900 a kan kowace mota. To, ka auna da sabuwar motar da a lokacin ake sayarwa wajen dala dubu 48. Kuma ba duka yake iya ɗora wa mai saye ba, domin ga Toyota da Hyundai a gefe suna jiran kwastoma, ko da yake su ma sun ƙara wa nasu ma'aikatan albashi bayan yarjejeniyar.

Abin da ya fi cin mai saye shi ne kuɗin ruwan bashin banki. Mutum ya ga biyan wata ya haura, sai ya haƙura da ƙatuwar a-kori-kura ya ɗauki ƙarama, ko ya ci gaba da lallaɓa tsohuwarsa.

Nan ne abin yake shafarmu. In sun riƙe tsofaffin, tokumbon da ke sauka Legas da Kwatano sai ta yi ƙaranci. Amma ni dai, da na je tayin Camry bara, dillalin bai ambaci yajin aiki ba. Wayarsa ya miƙo min, ya nuna min farashin dala da takardar kwastan.