Takunkumi, jakada da gemun ɗan'uwa

Wani mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya rubuto: Malam, mene ne asalin kalmar takunkumi da rediyo ya cika mu da ita lokacin rikicin Nijar?

Takunkumi abin ɗaure bakin dabba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon masu wasa da kura ya gan shi, igiya saƙaƙƙiya ta kewaye bakinta, ba cizo, ba ci. A 2020 aka ara wa ƙyallen rufe hanci sunan, ya kuma zauna. Amma aron da ya fi burge ni shi ne na siyasa. Bayan sojoji sun hamɓarar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi: aka rufe iyakar Illela da ta Jibiya, aka yanke wutar da Najeriya ke ba ta. Ka lura, ƙaƙabawa ake yi, domin ba wanda ke miƙa bakinsa da kansa. Ina jin ciwon yadda samarinmu na Agege ke cewa wai an ba su takunkumi, sai ka ce goro. Kai da albasar Galmi ta Nijar ke iso maka, ka fi ni sanin cewa igiyar ta kamo har da bakinmu, manyan motoci jere a bakin iyaka kaya na ruɓewa, har sai da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024.

Wata malamar makaranta daga Idi-Araba: jakadanci ko diflomasiyya?

Jakadanci. Tun zamanin da hakimi ke zaune a birni, jakada ne ke kai saƙonsa ƙauye ya karɓo haraji, a cikin gidan sarki kuma akwai jakadiya. Da ECOWAS ta tura Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi Yamai bayan juyin mulkin, aikin da suka je yi ke nan. Me ya kai mu aro?

Wani dillalin raguna a Alaba Rago: idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Cewa ake a ƙyale shi ya ƙone?

A'a. Gargaɗi ne, ka shirya tun wutar ba ta iso ka ba. Maganar da kake nema ita ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Wani kuma ya tambaya: mene ne bambancin fatauci da fasa-ƙwauri?

Farke ta ƙofa yake bi.