Shawarar Lauya: Kundin masoya fim ya tattara bayanaina ban sani ba, zan iya kai ƙara?

Tambaya: Barista, assalamu alaikum. Ina cikin masu rubutu a wani kundin intanet da masoya wani shiri mai dogon zango suka kafa, wanda kowa ke iya gyarawa. Da farko ban buɗe asusu ba, haka nake ta gyare-gyarena. Kwanan nan muka yi cacar baki da wani, sai ya kwafo wata lamba daga tarihin shafin ya ce ta wayata ce, wai har ya san garinmu, zai neme ni. Ni ban taɓa ba su lambar nan ba. Zan iya kai masu shafin kotu, a kuma goge duk abin da na rubuta? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara kwantar da hankalinka. Lambar da ya gani adireshin IP ne, wato lambar da na'ura ke hawa intanet da ita, kuma ba ya nuna ƙofar gidan kowa. Yana nuna kamfanin da ke ba ka intanet da kuma yanki a ƙiyasce, sau da yawa ma mai waya a Zariya sai a gan shi kamar yana Legas ko Abuja. Kamfanin layinka ne kaɗai zai iya haɗa lambar da sunanka.

Yawancin irin waɗannan kundaye, har da na Fandom, wanda Jimmy Wales da Angela Beesley suka kafa a 2004, suna aiki da manhajar MediaWiki. A tsarinta na asali, duk wanda ya yi gyara ba tare da asusu ba, adireshinsa na IP ne ke zama sa hannunsa a tarihin shafi. Bayan wannan akwai abin da ba ka gani: irin wayarka, shafukan da ka buɗe, tsawon zamanka a kansu, da kukis na 'yan talla (ƙananan fayiloli da ake ajiyewa a na'urarka don bin sawunka), tunda da talla akasarinsu ke samun kuɗi.

Doka ba ta bar ka hannu rabbana ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrinka, sannan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafi har kamfanin da ke waje, muddin yana sarrafa bayanan mutanen da ke Najeriya. Tana ba ka damar tambayar me suka ajiye a kanka da wanda suka ba, ka janye amincewarka, ka hana a yi amfani da bayananka wajen talla, ka kuma nemi a goge su.

Amma inda mutane ke ruɗewa shi ne rubutun kansa. Lokacin da ka danna maɓallin ajiyewa, galibi ka saki rubutunka ne ƙarƙashin lasisin CC BY-SA, wato izinin da ke ba kowa damar kwafa da sake amfani da shi bisa sharuɗɗa, wanda ba a janyewa. Magana zarar bunu ce. Don haka kada ka ɓata ƙarfinka wajen neman a goge sharhin da ka yi a kan jaruman shirin. Abin da za ka nema shi ne a ɓoye adireshinka na IP daga tarihin, kuma manhajar tana da wannan damar a hannun masu kula da shafi da ma'aikatan kamfanin.

Ka ɗauki hoton shafin da lambar ta bayyana da saƙon mutumin, kwanan wata na fitowa. Ka rubuta wa adireshin da ke cikin manufar sirrin shafin, ka ambaci dokar 2023, ka faɗi buƙatunka ɗaya bayan ɗaya. Doka ta ce su amsa ba tare da jan ƙafa ba. Ni nakan ce a ba su kwana 30. In suka yi kunnen uwar shegu, ka kai koke Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, NDPC, a Abuja. Tana iya cin manyan masu sarrafa bayanai tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Kotu fa? Dokar ta ba ka damar neman diyya, amma ba zan ce ka fara da ita ba. Sai ka nuna cutar da aka yi maka, kuma za su ce an sanar da kai kafin ka ajiye gyaran, don manhajar takan nuna gargaɗi a saman akwatin rubutu. Ga wahalar isar da sammaci ƙasar waje, ga sharuɗɗan amfani da sukan tura rikici kotunan can.

Shi kuwa mai cewa zai neme ka, nasa lamarin daban ne. Barazana ta intanet laifi ce ƙarƙashin sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. In ya sake, kada ka tanka masa, ka kai hotunan wurin 'yan sanda. Sannan in za ka ci gaba da rubutu a can, ka buɗe asusu da sunan da ba naka na gaskiya ba, da imel ɗin da ba shi ke haɗe da bankinka ba.