Tambaya da amsa: masu son maida tsohon mashin kafe resa

Satin ga wasiƙun da sunka shigo kusan duk magana guda ce, samari sun ga hotuna a TikTok da Facebook kowa na son ya maida tsohon mashin kafe resa, wato a canza mai fasali ya koma kamar na tsere, mai kujera guda da kai ƙasa-ƙasa. Na zaɓi huɗu.

Wani matashi daga Jega ya rubuto: "Malam, yayana ya bar min tsohon Honda CG125, kuma wani na min tallar Jincheng mai hayaƙi da arha amma babu takardu. Wanne zan gyara?"

Ƙanena, riƙe CG ɗinka. Tun 1975 Honda ta fiddo shi kuma dama don ƙasashe irin namu anka ƙera shi, inda ƙura ta yi yawa kuma mutane ba su cika canjin baƙin mai kan lokaci ba. Injin nai bai da rikici, duk bakanike daga Jega har Kamba ya san cikinsa, tankinsa da shasinsa kuma sun fi karɓar wannan fasali. Shi ko maras takardu ko kyauta anka ba ka kar ka karɓa. Ka san halin da ake ciki kan mashin a Kebbi da Zamfara, a tare ka a shingen jami'an tsaro da mashin da anka canza mai kama, babu rasit, lambar inji da ta shasi ba su dace da komi ba, wa zai saurari bayaninka? Shi ma CG ɗin ka gaya wa mai walda da mai fenti kar su taɓa inda lambar shasi take.

Na biyu daga Gusau: "Ina son in yanke salansa in cire akwatin iya-filta don ya yi ƙara ya kai gudun 160 kamar na Turawa."

Haba don Allah. Wannan 160 da ka ji, samarin Ingila ne na shekarun 1950 da 1960 masu taruwa a Ace Cafe da ke Landan, su ke neman mil 100 a awa, wato kilomita 160, kuma da manyan injuna 650 irin na Triumph da suke ɗorawa a shasin Norton. Naka 125 ne, in ya taɓa kilomita 100 ma ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ƙara ba ta ƙara gudu, maƙwabta kawai za ka hana barci. In ka cire akwatin filta kuma, hunturu guda ya isa ƙura ta cinye maka fistin da ringi. Bar su yadda suke.

Na uku daga Argungu, kuma nan zan daɗe: "Kuɗina ba su da yawa. Na riga na biya mai fenti da mai ɗinkin kujera, saura taya da birki, zan sa taya ɗan Kwatano da birki-shu mai arha kafin in samu kuɗi."

Ɗan'uwa ka fara gini daga rufi. Kuma ba kai kaɗai ba ne, abin da nike gani kenan kullum, a zuba kuɗi a fenti mai walƙiya da kujera mai tozo da fitila zagayayya, abin da zai tsaida mashin ɗin kuma a ce "kafin in samu kuɗi". Tsohon CG birkinsa na ganga ne gaba da baya, ko sabo fil ba wani kamu na a zo a gani gare shi ba, to ina ga ka sa mai jabu? Bara da idona na gani gindin wata dogonyaro a Birnin Kebbi, bakanike ya kwance ƙafar gaba ta mashin wani yaro, birki-shu ɗin da bai yi wata biyu ba fatarsa ta ɓalle daga ƙarfen gaba ɗaya, ya ɗago ta da yatsu biyu kamar ɓawon rogo. Gam ɗin banza anka liƙa ta da shi, zafi ya narkar da shi. Yaron na tsaye da gwiwa a ɗaure, akuya ce ta gitta mai ya taka birki ƙafar ta cije. Kwalin da anka sayar mai da shi kuwa da tambarin babban kamfani a jiki, har da ɗan kyalli.

Taya ma haka. Ka duƙa ka duba gefenta, akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2319 to satin 23 na 2019 anka yi ta. Tayar da ta wuce shekara biyar ko shida robarta ta bushe ko da zanenta na nan raɗau, ka matsa ta da farce ka ji kamar itace, ka lanƙwasa gefen ka ga ƙananan tsaga. Irin wagga taya a kan kwaltar Argungu zuwa Birnin Kebbi da zafin watan Afrilu, Allah dai ya kiyaye. Masu sayarwa sun iya shafa mata baƙin mai ta yi sheƙi, kar sheƙi ya ruɗe ka.

Sai baƙin mai na jabu da ake ɗurawa a tsohuwar robar kamfani a liƙe marfi, da fulogi mai sunan NGK wanda ba NGK ba, da cen da sufuroket da ke miƙewa cikin sati uku. Tun da anka cire tallafin mai a Mayun 2023 komi ya tashi, kowa na neman sauƙi, su kuma 'yan jabu nan sunka samu ƙofa. In an ce maka orijinal ne amma kuɗinsa rabin na sauran shaguna, ajiye ka wuce. Ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi, ka saya wurin mai shago zaunanne wanda za ka iya komawa gobe ka same shi, ka karɓi rasit. Shawarata, mashin ɗin ya zauna a zaure da fentinsa har ka tara kuɗin taya sabbi biyu da birki na ƙwarai da wayar birki sabuwa, ko da za a kai bayan girbin shinkafa.

Ta ƙarshe wata uwa ce daga Yawuri: "Ɗana na son ya yanke bayan mashin ɗin mahaifinsa marigayi ya maida shi mai kujera guda. Hankalina bai kwanta ba, kuma ba ni son in hana shi."

Allah ya jiƙan maigida, Inna, ya sa ya huta. Ki kwantar da hankalinki, yaron da ke son gyara abin mahaifinsa maimakon ya sayar ba yaron banza ba ne, kuma damuwarki na kan hanya. Ki ce mai ni na ce kar a sa zarto a shasi, don ƙarfen bayan nan shi ke riƙe da shokozoba, in anka yanke anka yi waldar gefen titi wata rana rami guda zai raba shi. Akwai hanyar da ba a yanka komi: a kwance tsohuwar kujera da kariya da kan mashin a adana a ɗaki, a ɗaura sabbi da noti, ranar da ya buƙaci ɗaukar ki zuwa asibiti ko ɗauko buhu daga kasuwa sai a maida. Kan kuma kar ya yi ƙasa sosai, hanyoyinmu da ramuka wuyan hannu da baya ke shan wahala. Ya bar madigadi saboda damina, ya bar madubi da tirafiketa saboda 'yan Rod Sefti. Sharaɗin da za ki kafa mai guda ne, hular kwano mai rufe haɓa, ya saye ta ya kawo miki ki gani kafin ki miƙa mai makullin.