Kan tambayar ko manhajar imel ta riƙa adana canji da kanta

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya fi kyau manhajar imel ta riƙa adana duk canjin da ka yi a akwatinka nan take, ko ta jira ka ba ta izini. Na daɗe ina aiki da manhajojin imel na Mutt da Thunderbird, kuma a ganina canjin iri biyu ne, bai kamata a yi musu kuɗin goro ba.

Akwai ƙananan canje-canje: saƙon da ka karanta, wanda ka yi wa alama, wanda ka amsa. Waɗannan ta adana su ba sai ta tambaye ka ba. Na sha wuya a nan. Wata rana da yamma na zauna a ofis, na kusa awa biyu ina tantance saƙonnin da suka taru a Mutt, kuma batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, da wuta kaɗai take aiki. Ina dab da gamawa aka ɗauke wuta. Da aka tayar da janareta na buɗe, sai ga komai yadda na same shi tun farko, kamar ban taɓa ba. Mutt ba ya rubuta canji sai ka danna $ (maɓallin adanawa), ko ka koma wani akwati, ko ka fita da q, ni kuwa ban yi ko ɗaya ba. Wallahi ranar na ji ciwo.

Amma gogewa ta dindindin daban take. A tsarin IMAP, wato hanyar da manhaja ke karanta saƙonnin da ke ajiye a sabar, idan ka goge saƙo alama kawai ake sa masa, yana nan a sabar har sai an ba da umarnin EXPUNGE, mai goge shi gaba ɗaya. Wannan tazarar rahama ce. Na taɓa danna D a Mutt, mai sa alamar gogewa a kan duk saƙon da ya dace da abin da ka rubuta, da niyyar share tallace-tallace, na yi kuskuren rubutu, alamar ta hau har kan wasiƙun da muke yi da wani abokin ciniki, da rasitai a ciki. Gabana ya faɗi. Sai na danna x, wato fita ba tare da adanawa ba, na sake shiga na tarar da su lafiya lau. Da a ce manhajar mai adanawa nan take ce, kuma ba kwandon shara, da sun tafi.

Don haka a Mutt ka bar saitin delete a kan ask-yes, wato ya tambaye ka kafin ya goge, ka saita masa kwandon shara, sannan ka saba wa yatsanka da $ duk bayan 'yan mintuna. Idan Gmail kake ja ta IMAP, kwandonsa na riƙe saƙo kwana 30, to ka leƙa saitinsa ka tabbatar can abin da ka goge yake faɗawa. A Thunderbird kuma ni ban kunna zaɓin nan na kawar da saƙonnin da aka sa wa alamar gogewa yayin fita ba, na fi so in matse akwatin, wato in kawar da su, da hannuna ranar Juma'a kafin in tashi.