Jar giyar Faransa tana ƙara jini ga mai ciki?

Tambaya: Malam, ƙanwata na da cikin wata biyar, a wajen awo aka ce jininta ya yi ƙasa. Wani abokin mijinta ya kawo mata kwalbar Château Margaux daga Faransa, wai ruwan inabi ne zalla mai ƙara jini. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Hajiya, gara da hankalinki bai kwanta ba. Giya ce, kada ta kai ta baki.

Gonar Château Margaux tana yankin Medok kusa da birnin Bordo, kuma tun 1855 take sahun farko a jerin giyar yankin. Yawancin inabinsu Cabernet Sauvignon ne, da ɗan Merlot, a ƙasa mai tsakuwa. Idan an tsinko shi sai a murje, a bar ruwan da ɓawon da ƙwayar su tsimu tare, yis ya cinye sukarin ya mai da shi barasa. Daga nan a zuba a gangunan katako ya yi fiye da shekara. Barasar da ke ciki kan kai kashi 13 cikin 100, wani lokaci ta wuce. Tsadarta ba ta rage ko ɗigo ba.

To, maganar ƙarin jini, wadda na gaji da jin ta a bakin masu tallan magani. Ruwan wannan inabi fari ne. Jan daga ɓawon ya fito lokacin tsimi, ba abin da ya haɗa shi da jinin ɗan Adam. Baurin da masu sha ke yabo, irin na goro, sinadarin tanin ne daga ɓawo da ƙwaya da katako, kuma tanin kan hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe, wanda shi ne ƙanwarki take nema. Barasar kuwa kai tsaye take ratsa mabiyya ta isa ga ɗan tayi, tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa babu adadin barasar da ba shi da illa. Wannan ga mai lafiya ke nan, balle mai ciki. Amma mutum ya ga abu ja a kwalba mai rubutun Faransanci, shi ke nan ya zama likita!

Ta koma wajen awo, a duba ko zazzaɓin cizon sauro ne ko tsutsar ciki ke shan jinin. Ta riƙa shan ƙwayoyin ƙarin jinin da suka ba ta kullum, ban da haɗa su da shayi. Ta ci nama, wake da zogale.