Shaidar RSPO ga ƙaramin manomin kwakwar manja

Malam, ka tambaya daga Kumasi ko mai ƙaramar gonar kwakwa a Juaben, wani gari kusa da Kumasi a Ghana, zai iya samun shaidar RSPO shi kaɗai, wato shaidar da ke tabbatar da cewa an noma kwakwar manja bisa ƙa'idojin kare muhalli da haƙƙin jama'a na ƙungiyar duniya mai suna RSPO. Ƙa'idar da RSPO ta amince da ita domin ƙananan manoma masu zaman kansu ƙungiyar manoma take bai wa shaida, saboda haka sai ku haɗu da sauran manoma ku naɗa manajan ƙungiya, ku auna iyakokin gonakinku, ku kuma daina share gona da wuta. Abin da na fi jaddada maka shi ne littafin gona, inda za ka riƙa rubuta ranar da aka sare kwakwa, da nauyinta, da maganin feshin da aka zuba, domin mai binciken da zai duba gonakinku kafin a ba da shaida zai nemi ganinsa.